Sa-Hannu da Layi Ashirin da Biyar

Haihuwarsa

An haifi marigayin, wanda jama'a suka fi sani da laƙabin Sa-Hannu, a shekarar 1958, a wani ƙaramin gari da jirgin ƙasa ke ratsawa ba ya tsayawa. Mahaifinsa mai gyaran agogo ne, mahaifiyarsa kuwa maɗinkiya. Shi ne na uku cikin 'ya'ya bakwai, kuma waɗanda suka san ƙuruciyarsa sun yi ittifaƙi a kan abu ɗaya, wato idan ya kafe a kan magana, gara mutum ya shafa wa kansa lafiya ya bar masa.

Karatunsa

Ya shiga firamare a 1965, sakandare a 1972, sannan ya sami gurbin karatun tarihi a jami'a a 1979. A ɗakin kwanan ɗalibai aka haɗa shi da wani makaho mai karatun lauya, wanda yake kira Yaya saboda ya girme shi da shekara shida. Yaya ba shi da mai karanta masa littattafai, sai marigayin ya ɗauki nauyin. A ɗakin karatu an haramta magana, a ɗakin kwana kuwa mutum takwas ne da rediyo biyu, saboda haka suka koma ƙarƙashin matakalar ginin lacca, kan wani benci da aka tokare ƙafarsa da bulo. Amma maƙogwaro ɗaya ba ya ɗaukar karatun mutum biyu. A 1981 Yaya ya faɗi jarrabawa, aka sallame shi. Ranar da zai tafi ya ce, "Ƙanena, ba kaina ne ya gaza ba, muryarka ce ta ƙare. Ka samo wa na bayana muryoyi da yawa."

Yunƙurin kafa ƙungiya

A watan da ya biyo baya marigayin ya nufi ofishin harkokin ɗalibai da niyyar yi wa ƙungiyar masu karanta wa makafi rajista, domin ƙungiya mai rajista kaɗai ake bai wa ɗaki da makulli. Akawun ofishin ya miƙa masa takarda, ya ce, "Layi ashirin da biyar ne, kowanne ɗalibi ɗaya zai sa hannu, ba ƙari ba ragi. Kwamiti sau ɗaya yake zama a shekara. In ko mutum ɗaya ya bar makaranta kafin zaman, takarda ta mutu, sai ka sake."

Cikin kwana tara ya cike layukan, yana tare mutane a bakin aji da layin abinci, har suka laƙaba masa sunan da ya bi shi kabari. Kafin kwamiti ya zauna, huɗu sun kammala karatu. A shekara ta biyu ya yi dabara, ya zaɓi 'yan aji ɗaya zalla, sai aka kori ɗaya, ɗaya kuma ya sauya makaranta. A ta uku kwamitin ne bai zauna ba sam, shi kansa marigayin ya kammala a 1983.

Aikinsa

A 1984 ya kama aiki a ɗakin karatu na jami'ar, inda ya shafe shekara talatin da biyu yana jera littattafai a kanta da buga hatimi. Ma'aikaci ba shi da hurumin sa hannu, saboda haka kowace shekara sai ya nemi ɗalibi ya riƙe masa takardar, shi yana bin bayansa kamar jela. Sau goma sha tara layukan suka cika aka gabatar da ita, sau goma sha tara ta dawo: yau rashin lafiya ta mayar da wani gida, gobe yajin aiki ya ɗage zama. Ya rubuta wasiƙu yana roƙon a yarda da sunayen ko-ta-kwana, aka amsa masa cewa gyaran ƙa'ida ma sai kwamiti ya zauna. Karatu dai bai tsaya a ƙarƙashin matakala ba, sai dai ranar da aka yi ruwan sama a tashi, ranar da masu gadi suka ga dama su kore su. Ya gaji matuƙa, kuma bai ɓoye ba.

Aurensa

Ya yi aure a 1986, matarsa malamar firamare ce, mace mai haƙuri da kaifin harshe. An ruwaito cewa takan ce masa, "Malam, ni dai ban gane ba, mutum na aura ko fayil?" Duk da haka ita ce ke goge masa rigar da yake zuwa ofishin da ita, kuma ita ce ke jiƙa masa ruwan ɗumi idan ya dawo murya a dushe.

Ƙarshen rayuwarsa

Ya yi ritaya a 2016. A shekarar da ta biyo baya, yana da shekara hamsin da tara, ya sayi takardar shiga jami'a ya koma ɗalibi, yana zama aji ɗaya da sa'o'in 'ya'yansa. Da babban ɗansa ya ce, "Baba, wannan ai abin dariya ne," sai ya amsa, "Su yi ta yi. Layi ɗaya dai na tabbata ba zai gudu ba." Ya sa hannunsa a layin farko, ya zaɓo sauran ashirin da huɗun ɗaya bayan ɗaya, ya riƙa bibiyarsu kamar makiyayi: wanda ya yi zazzaɓi ya kai shi asibiti, wanda ya soma wasa da karatu ya zaunar da shi ya yi masa faɗa. A karon farko cikin shekara talatin da bakwai, babu ko ɗayansu da ya motsa. Aka sanya zaman kwamiti ranar 20 ga Nuwamba, 2018.

Rasuwarsa

Allah ya yi masa rasuwa ranar 8 ga watan, bayan jinyar kwana uku, aka binne shi da yammacin ranar. Cikin masu rakiya har da makafi goma sha ɗaya, lauyoyi da malamai da ma'aikata, waɗanda duk a ƙarƙashin matakala suka yi karatunsu. Kwamiti ya zauna a ranar da ya ɗiba, ya yi wa mamacin addu'a, sannan ya ƙirga sunaye ya sami ashirin da huɗu, ya mayar da takardar.

Ya rasu ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: babbansu direban motar asibiti ne, mai bi masa malamar jinya, na uku mai gyaran lantarki, sai auta da ke ajin farko a jami'ar. Autar ce aka miƙa wa takardar da aka mayar. Ta karanta, ta ninke, ta dubi akawun ta ce, "To, a ba ni sabuwa." Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.