Akuyar da Ba a Sa wa Wuƙa

Hajaratu ƴar Tebaram ce, aure ya kawo ta Takanamat. Mijinta ya tafi ci-rani Abijan tun ƴarsu Zahra'u tana goye. Da farko yana aiko kuɗi, daga baya gaisuwa, daga baya ko gaisuwar ta gagara. Da saƙar tabarma ta reni yarinyar. Mace ce mai kaifin baki, in ta gaishe ka sai ka tsaya tunanin ko ka yi mata laifi, amma ba a taɓa jin ta roƙi ko gishiri a maƙwabta ba.

Da Zahra'u ta ci jarrabawa aka ce sai lise, wato babbar sakandare, a Tawa, murna ta koma ciki. Karatun birni yana son littattafai, yana son hatsin da za a kai gidan da yarinya za ta sauka. A nan ƙungiyar matan garin ta shigo. Su ba sa ba da kuɗi a hannu, don sun san halin hannu. Akuya suke bayarwa, habbanaye, yadda suka gani wurin makiyaya: ka riƙe uwar, abin da ta haifa na ɗalibi ne, a sayar a yi masa hidima. In ya gama karatu, uwar ta wuce wani gida da igiyarta.

Dokarsu ɗaya ce, akuyar ƙungiya ba a sa mata wuƙa. In Allah ya karɓi abarsa, a kira shugaba, tsohuwa Tanna, ta gani da idonta, a ba ka wata. In kuwa aka yanka, ko da wane dalili, gidan ya fita ƙungiya ke nan. Ba mugunta ta kawo dokar ba. An taɓa yin wani maigida da akuyar ɗansa ta kamu da ciwon ajali daidai ranar sunan jikansa, baƙi kuma suka yaba miya.

Jar akuya aka ba Hajaratu, ta sa mata suna Ja. Ta fi kula da ita fiye da kanta, har mata na tsokanarta wai saura ta yi mata lalle. Ƴaƴan Ja suka kai Zahra'u ajin ƙarshe, ga wani cikin ya tsufa, shi ake jira ya ƙarasa mata karatun.

Sai bazara ta yi tsanani. Ciyawa ta ƙare, dabbobi suka koma kiwo a juji. Wata safiya Ja ta daina tuƙa, cikinta ya kumbura, ta kwanta jikin danga. Mai maganin dabbobi ya latsa cikin, ya ce leda ce ta cika tumbi, ya wanke hannu ya tafi bai karɓi komai ba. Wannan rashin karɓar ya fi tayar wa Hajaratu da hankali.

Kafin hantsi ungulu sun fara sauka kan gawon bayan gida. Maƙwabta ma suka fara shigowa, wai sun zo duba mai jiki. Rabon yawancinsu da nama tun Layya, kuma Hajaratu tana ganin inda idanunsu ke sauka. Daga nan Illa ya iso, ƙanen mijinta, mutumin kirki wanda ke gyara mata danga kowace shekara. Ya zauna bakin ƙofa, ya jawo dutse, ya fara wasa wuƙa a hankali.

"Matar yaya, kak ki bari dabba ta tahi mushe. Alhaki na."

"Illa, in ka taɓa ta, ɗiyata ka yanka."

Ya yi dariya, ya ce ai ko matan ƙungiya musulmi ne, ba mai hankalin da zai ga halal na shirin zama haram ya naɗe hannu. Wuƙar dai ba ta daina kai da komo kan dutsen ba. Tsoro ya kama Hajaratu sosai, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da ta gane mijinta ba zai dawo ba.

Dole Tanna ta zo ta shaida. An kira wayarta ba ta shiga, aka ce tana can gidan rasuwa a ƙarshen gari, kuma tsohuwar ba ta tashi don ɗan aike. Hajaratu ta dubi Ja, ta dubi Illa, ta ce kada ya motsa sai ta dawo. Ya ce ya ji. Ta fita da sassarfa cikin rana, takalmi a hannu.

Da suka doso gida ita da Tanna, ta ɗaga kai ta ga babu ungulu ko ɗaya a kan gawo. Duk sun sauko ƙasa.

Illa ya tarye su da fara'a, hannunsa jike. Ya ce tana fita akuyar ta fara shure-shure, da ya ƙara jinkiri kaɗan da an yi asara, Allah ya sa ya riski ranta. Har ya ware wa Hajaratu hanta da cinya a cikin kwanonta. Da gaske yake, jira yake a gode masa.

Tanna ba ta ɗaga murya ba. Ta je turke ta kwance igiyar ƙungiya, ta fara naɗe ta a hannu. Hajaratu, wadda ba ta taɓa roƙon gishiri ba, ta durƙusa a gaban mutane ta riƙe mata zane.

"Na san ba ke ba ce," in ji tsohuwar. "Amma in na buɗe maki ƙohwa, gobe akuyoyin garin ga duk sun kwanta ciwo."

Ta fita da igiyar. Maƙwabta suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya, kowa da kasonsa a ƙarƙashin mayafi. Hajaratu tana nan durƙushe wayarta ta yi ƙara a bakin zane. Zahra'u ce daga Tawa, muryarta cike da ɗoki.

"Inna, ina wuni? Ja ta haihu?"