Makon da Na Riƙe wa Ticha Ƙungiyarsa

Ni mutum ne mai zaman gida. Injin niƙa gare ni a ƙofar gidana a Kafanchan, kuma in ba majami'a ko jana'iza ba, da wuya ka gan ni na ƙetare kwalbatin layinmu. Matata takan ce ko akuyar da ke ɗaure ta fi ni yawo. Makaranta a aji huɗu na tsaya, amma Allah ya ba ni kunne. Inji na ruri, mata masu markaɗe na gulma, rediyo na magana a kan taga, kuma duka ukun ina jin su.

Telan da ke bakin titi shi ya kawo mana wasan nan na waya, shi ya sa muke ce masa Ciyaman. Ga yadda abin yake, ga wanda bai sani ba. Kowa zai zaɓi 'yan ƙwallo goma sha biyar daga cikin masu buga gasar Ingila, ya haɗa ƙungiyarsa a waya. In ɗan wasanka ya ci ƙwallo a can, kai ma ka sami maki a nan. Kowane mako za ka naɗa ɗaya kyaftin, shi makinsa ninki biyu ne. Akwai kuma kati ɗaya da ke ninka makin kyaftin sau uku, mutum yana ɓoyonsa kamar irin shuka har sai ya ga makon da ya dace. Kafin wasan farko na mako ana rufe ƙofa, daga nan ba mai iya taɓa komai, kuma kowa yana iya leƙa ƙungiyar kowa.

Mu goma sha biyu ne. Akwai 'yan zumuntar maza na majami'armu, akwai masu sayen citta biyu da ke zuwa bayan sallar la'asar, akwai wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da har yau bai yarda akwai mai tsaron gida kamar na zamaninsu ba. A bencina ake zama, don ni ba na tashi. Wanda ya zo na ɗaya a ƙarshen shekara ana soya masa zakara, ya ci cinya biyu, sauran mu raba abin da ya rage. Iyakar ladan ke nan.

Dokokinmu ba a rubuce suke ba, amma kowa ya san su. Ba ka gudu tsakiyar shekara don ka ga kana ƙasa. Ba ka kwafar ƙungiyar wani kan da kai. Tsiya kuwa a yi ta son rai daga Asabar zuwa Litinin, ranar Talata an rufe baki. Wanda aka yi wa rasuwa ba a tsokanarsa sai ya fara da kansa. Sai kuma babbar, wadda ta zama tamu mu kaɗai saboda yanayin wurinmu: riƙo. Rabin mutanenmu suna da gona a ƙauye. Lokacin shukar citta ko tono, mutum zai ɓace mako biyu a inda waya ba ta kamawa. To sai ya bar lambar sirrinsa a hannun wani, shi kuma ya riƙe masa ƙungiya. Ciyaman ya faɗa tun farko: wanda aka ba riƙo, ya kula da ita kamar tasa. Da yake kullum ina gida, ga caji ga rediyo, yawanci ni ake ba. Akwai makon da na riƙe ƙungiya huɗu, ina niƙan masara ina canza 'yan baya.

Ticha abokina ne tun muna yara, ni ne ma abokin ango ranar aurensa. Shi ya yi karatu har ya zama hedimasta, ya yi ritaya. Ni na fara ce masa Ticha, shi kuma Injiniya yake ce mini, don tsiya. Shi da biro da takarda yake wasansa, yana duba wa zai kara da wa har mako biyar gaba. Ni da kunne nake nawa. In koci yana magana a rediyo, ko ban gane rabin Turancin ba, ina jin inda muryarsa ta yi sanyi.

"Injiniya," yakan ce in ya sauka daga mashin, "wannan ɗan gaban naka fa, ka kai shi inji a gyara masa haƙori. Ko tumatir ba ya markaɗawa."

"Naka da ya ci digiri, ƙwallo nawa ya ci?"

"Yana nazari ne tukuna."

"Har a kore shi yana nazari."

Haka muke, shekara da shekaru. A shekarar da nake magana, shi ne a sama ni ina biye, tazarar ba ta da yawa, saura mako huɗu a gama. Ban taɓa zuwa na ɗaya ba. Ba zakaran ne ya dame ni ba, ina da kaji a gida. So nake sau ɗaya a ce ɗan aji huɗu ya wuce hedimasta. Wannan ban faɗa wa kowa ba, har kaina ban cika faɗa wa ba.

Ruwa ya sauka, lokacin shuka ya yi, Ticha ya shirya tafiya ƙauyensu bayan Kwoi. Ya tsaya a wurina da buhun iri a bayan mashin, ya miƙo mini 'yar takarda mai lambar sirrinsa.

Ciyaman yana zaune, ya ce, "Ticha, kura za ka ba ajiyar nama? Shi ne fa ke bayanka."

Ticha ya yi dariya. "Wannan? Shi ya riƙe mini zobe ranar aurena. Ƙungiya ce za ta gagare shi?"

Ran Alhamis da hantsi ya kira ni. Akwai wani dutse a bayan gonarsu, in ka hau kansa waya takan kama kaɗan. Iska na kaɗawa, yana haki.

"Injiniya, kana jina? Katin nan nawa mai ninki uku, ka sa shi wannan makon. A kan dogon ɗan gaban nan. A gida suke wasa, da ƙungiyar da ke can ƙasa."

"Na ji. Ni ma shi ne kyaftin ɗina."

"To madalla. Amma in ka ji wani abu kafin Asabar, ka yi yadda ka ga ya dace. Kunnenka ya fi birona. Ba zan sake hawa dutsen nan ba, gwiwata ta ƙi."

Wayar ta yanke.

Ran Asabar ƙarfe sha ɗaya za a rufe ƙofa. Wajen goma saura ina markaɗa wa wata mata wake, sai na ji mai labarin wasanni yana cewa dogon ya ɗan ji ciwo a cinya wurin atisaye, an tafi da shi, amma da alama a benci zai fara. Ya faɗa sau ɗaya ya wuce zuwa wani labari. Na kashe inji. Matar ta ce, "Baba, bai yi laushi ba fa." Na ce ta ɗan jira.

Duk mai wasan nan ya san abin da wannan ke nufi. In kyaftin bai buga ba sam, mataimakinsa ne ke gadar ninkin, asara ba ta da yawa. Mugun abu shi ne a sako shi saura minti biyar, ya taka fili ya fita da maki ɗaya. Na buɗe tawa ƙungiyar, na cire wa dogon kyaftin na ba wani. Ko minti ɗaya ban yi ba.

Sannan na buɗe ta Ticha. Na daɗe ina kallonta. Na ce a raina, mutumin nan ya faɗi abin da yake so da bakinsa. In na canza, dogon ya fara wasa ya ci uku fa? Ai cewa za a yi na yi masa zagon ƙasa. Wannan magana tana da kai, har yanzu in na juya ta tana da kai. Sai dai ban yi wa tawa ƙungiyar wannan lissafin ba. Kuma ina da lambar matar ƙaninsa, wadda wayarta ke kamawa a cikin gida; da na kira, da an aika masa gona. Kuma dokar ita ce labarin rauni a gurup ɗinmu na waya ake sa shi kowa ya gani. Ban kira ba, ban sa ba. Na danna katin a kan dogon, na ajiye waya, na tada inji.

Matata tana tankaɗe a gefe. Ta ce, "Maigida, me Ticha ya yi maka kake kallon ƙungiyarsa kamar takardar asibiti?"

"Aikinsa na yi masa."

"To," ta ce, ta ci gaba da tankaɗe.

Da la'asar aka sako dogon saura minti bakwai. Maki ɗaya, sau uku, uku. Wanda na naɗa ni kuma ya ci biyu. Kafin magariba na hau sama. Benci ya cika da ihu, ɗaya daga masu sayen citta yana cewa, "Wallahi mai inji ya niƙe hedimasta, ko tsaki bai bari ba!" Na yi dariya tare da su. Ciyaman ne kawai bai yi ba, yana ta shafa wayarsa sama da ƙasa.

Ticha ya dawo ran Laraba, ya yi baƙi, hannunsa duk kanta. Ya kawo wa matata mangwaro cike da jakar bagko. Ya zauna ya sha ruwa, ya ba mu labarin yadda ganyen rufe citta ya yi wuya bana, sai da suka shiga daji sosai. Sannan ya ciro waya ya sa tabarau. Na ga ya duba tasa, ya girgiza kai yana murmushi. Sai na ga ya buɗe tawa. Murmushin bai tafi gaba ɗaya ba, ya dai tsaya wuri ɗaya.

"Injiniya, ba ka ce mini shi ne kyaftin ɗinka ba?"

"Na canza."

"Yaushe?"

"Ran Asabar da safe."

"Ka ji wani abu ke nan."

"An ɗan faɗa a rediyo. Amma ba tabbas. Kai kuma ka ce a sa maka shi, na bi abin da ka ce."

Ya cire tabarau ya naɗe. "Haka ne. Ni na ce."

Da ya yi faɗa, ina da amsoshi a shirye, na yi kwana huɗu ina jera su. Ya tambayi matata jikin mahaifiyarta, ya hau mashin ya tafi. Ran Juma'a na gwada lambar sirrinsa, wai in duba ko zai koma gona. Ta ƙi buɗewa.

Ni na ci shekarar. Aka soya zakara a gidan Ciyaman, Ticha ya zo, shi ya yi addu'a ma, ya roƙi Ubangiji ya albarkaci abincin da zumuncinmu. Aka sa mini cinya biyu a faranti. Na tura masa ɗaya, ya ce haƙorinsa na ciwo.

Ba mu yi gaba ba, kar a ɗauka haka. Yana gaishe ni, matarsa na kawo niƙa, ranar bikin 'yata shi ya raba kujeru. Tsiyar ce ta mutu. Ya daina ce mini Injiniya, ya koma kirana baban wane, da sunan babban ɗana, kamar sauran jama'a. Da sabuwar shekarar wasa ta fara, ɗan gabana ya yi mako shida bai ci ko ɗaya ba, ina ta jira Ticha ya yi magana. Ya zo ya zauna, ya tsokani kowa, ni ya ce mini, "Allah ya kawo sa'a mako mai zuwa." Lokacin tonon citta kuma mutum uku suka tafi ƙauye, duk Ciyaman suka ba riƙo, ba wanda ya ce mini don me.

Sai da aka kusa shekara na iya zuwa gidansa. Na sa takalmi, matata ta leƙo ta ce, "Wa ya mutu?" Na same shi yana yanka citta ana shanyawa. Na tsuguna na ɗauki wuƙa ina taya shi. Can na ce masa na ji labarin nan sarai, na san abin da ya kamata in yi, kuma na ƙi yi ne don ina so in wuce shi.

Ya ci gaba da yanka. "Na sani."

"Ka yafe mini."

"Na yafe tun ranar. Ina karanta addu'ar Ubangiji kullum, ba zan yi wa kaina ƙarya ba." Ya watsa yankakkiyar a kan leda. "Ka san abin da ya tsaya mini? Da ka ce kana so ka ci, da na ba wani riƙon, mu kara, in ka kayar da ni in saya maka lemo. Amma a gaban mutane na ce kai ne ka riƙe mini zobe."

Muka yanka har kwandon ya ƙare. Ya raka ni bakin hanya, ya ce in gaida gida.

Bana ma ya tafi shuka. Ya biyo ta wurina ya sayi man inji kwalba ɗaya don mashin ɗinsa ya ƙone mai, muka yi maganar ruwa da tsadar taki. Ciyaman yana zaune a bencin. Ticha ya ciro 'yar takarda daga aljihun gaba, ya miƙa masa ta saman gwiwata, ni kuma na ja ƙafa na ba hannunsa hanya.