Tafin Hannun Malam Habibu

Malam Habibu mai faci ya yi furfura a gindin darbejiya guda a Gyadi-Gyadi. Shekarar da soja suka koma bariki, ɗansa Mukhtar ya samu aikin tuƙa jar motar wani attajiri mai son tsere a filin bayan Hotoro. Uban bai hana ba, amma tsoron fashewar taya ya hana shi sukuni.

Sai ya riƙa rufe rumfa duk Asabar yana bin su. Da motar ta tsaya, ya ɗora tafi a kan taya ya ji zafinta, ya rage iska, wani lokaci ya mayar da tayoyin gaba baya.

"Baba, sai ka ce mai duba zazzaɓi!"

"Ai zazzaɓin ne. Daina shan kwana da birki, ɗan nan, kana ƙona roba."

Mukhtar ya yi dariya, amma ya ji. Tayoyin suka daɗe, ko ɗaya ba ta fashe ba har attajirin ya gaji ya sayar da motar. A ranar, Malam Habibu ya sayo tsire ya raba wa maƙwabta, yana ta hamdala.