Yatsun da Barmo ya bari a tafki

Duk wanda ya saba shiga kasuwar Canaan da ke Guangzhou a ƙasar Sin ya san Barmo ko bai san sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan mai furfura a gemu da ke zama bakin shagon wanduna na Lao Wei, hannunsa na dama kullum cikin aljihu. Idan ka miƙa masa hannu, tsintsiyar hannu yake ba ka, domin babban yatsa da manuniya kawai suka rage masa.

Mutumin Yawuri ne, ɗan gidan masunta. Tun bai kai shekara goma ba ya iya tuƙa kwalekwale, ya iya duban fuskar kogi ya gane inda ruwa ke gudu ta ƙasa. Karatu ya kawo shi Guangzhou. Karatun ya watse a shekara ta biyu, amma yaren Sin ya zauna masa a baki, kuma da shi ya ci abinci shekara goma sha ɗaya. Yakan tarbi baƙi a filin jirgi, ya kai su masana'antu, ya yi musu ciniki, ya tsaya a kan kayansu har su shiga kwantena. Ya kama ofis a dogon benen Tianxiu, ya ɗauko matarsa Raliya, suka haifi 'ya'ya biyu. Fiye da rabin baƙinsa 'yan Maraɗi ne, kuma duk ta hannun mutum ɗaya suka zo masa, wato Alhaji Maharazu, babban ɗan kasuwar shadda da kayan sawa.

Lao Wei kuwa ɗan arewacin Sin ne can ƙurya, inda sanyi ke daskarar da tafki har mutum ya taka shi kamar daɓe. Wata shekara da aka rufe kasuwanni don bikin sabuwar shekararsu, ya gayyaci Barmo ƙauyensu. Mahaifin Wei, tsohon masunci, da ya ji baƙon nan ɗan masunta ne, sai ya ɗauke shi kamar nasa. Ya nuna masa yadda ake huda ƙanƙara a auna kaurinta duk bayan 'yan taku. Ya ce in ba ta wuce faɗin tafin hannu ba, kada a hau. Wadda ake hango ruwa ta cikinta ita ce mai ƙarfi, fara mai kumfa kuwa ba a amince mata. Ya rataya masa ƙusoshi biyu masu mariƙin katako a wuya, ya ce in ta karye da mutum, da su zai caki gefe ya ja kansa. Ya hana shi kusantar wajen ciyawa, inda wani rafi ke shigowa tafkin. Wannan Barmo bai buƙaci bayani ba, ya san halin ruwa mai gudu.

Ya dawo da hotuna, yana riƙe da kifi kusan tsawon hannunsa. Hotunan nan Alhaji Maharazu ya gani, ya ce shi ma sai an kai shi. Barmo ya yi ta kawo uzuri shekara biyu. A ta uku Alhaji ya ce masa a waya, cikin raha, wai akwai wani tafinta da ya ce zai kai shi gobe in yana so. Barmo ya gane abin da ake nufi. Ya sayi tikiti.

Suka isa a watan Janairu. Tsohon ba shi da lafiya, sai Wei da wansa suka raka su. Tun a bakin tafki Alhaji ya ƙi ƙusoshin, ya ce ba zai rataya laya irin ta arna ba. Rigar da ke hana nutsewa ma ya ce ta matse masa ciki, ba ta yin kyau a hoto. Barmo ya naɗa igiya a kafaɗarsa.

Da hantsi suka huda ramuka, suka zauna da fatsa. Awa guda ba ko ɗan kifi. Alhaji ya gaji, ya miƙe da wayarsa yana ɗaukar kansa yana yi wa mutanen gida bayani. Ya hango tururi yana tashi wajen ciyawa, ya nufi can.

"Alhaji, ranka ya daɗe, kada ka wuce nan. Akwai ruwa mai gudu a ƙasa."

"Barmo, ni da na shiga Sahara da mota ni kaɗai, wannan ɗan kududdufi ne zai ba ni tsoro? Zauna ka ji da kifinka."

Bai yi taku ashirin ba aka ji ƙara kamar an karya busasshen katako. Da Barmo ya ɗaga kai, hula kawai ya gani da hannaye biyu suna dukan gefen ƙanƙara, tana ƙara ɓallewa.

Ya hana su Wei gudu zuwa wurin, ya ba su bakin igiya, ya kwanta rub da ciki ya ja jiki. Ya jefa igiyar sau biyu tana faɗawa kan kafaɗar Alhaji, amma yatsunsa sun riga sun sandare, ba ya iya kamawa. Kuka yake yi kamar ƙaramin yaro, yana kiran innarsa, yana roƙon Barmo don Allah da Annabi kada ya bar shi. Barmo ya ƙara matsawa har ƙirjinsa ya jiƙe, ya cire safar hannu da haƙori, ya zura hannuwansa cikin ruwan ya zagaya igiyar ta ƙarƙashin hammatar Alhaji, ya ƙulla irin ƙullin da ake ɗaure jirgi. Su Wei suka ja.

Daga nan zuwa ƙauye tafiyar minti arba'in ce, ga iska. Barmo ya tuɓe wa Alhaji jiƙaƙƙun kaya, ya sa masa babbar rigarsa da safar hannunsa, ya tallafe shi har gida. Bai tuna da nasa hannun ba sai da ya ga ya yi fari fat, ba ya jin komai. Bayan mako biyu yatsu uku suka yi baƙi, likita ya yanke su.

Alhaji ya kwana biyu a asibiti aka sallame shi. Bai leƙa ɗakin da aka kwantar da Barmo ba, ya wuce filin jirgi. Barmo ya ce firgita ce, zai kira in ya huce. Wata guda, wata biyu, shiru. Sai baƙin Maraɗi suka fara sauka Guangzhou yana jin labarinsu a masallaci, wani tafinta ke yawo da su. Wani daga cikinsu mai ɗan kunya ne ya gaya masa abin da ake faɗa a can: wai Barmo ya ja Alhaji wurin halaka don neman suna, ya bar shi ya taka inda ya san ba kyau, Alhaji da ƙarfinsa ya fito da kansa.

Barmo ya yi kwana uku bai ci abincin kirki ba. Ya so ya sa Wei ya yi magana a aika, sai ya ga wa zai saurari Basine a kan Alhaji Maharazu. Raliya ce ta faɗi abin da shi ya kasa faɗa. Ta ce mutumin da ka ga hawayensa, ka ji yana kiran uwarsa, ka tuɓe shi tsirara, ba zai so ya sake haɗa ido da kai ba, kuma ba zai so a yarda da maganarka ba.

Kafin shekara ta zagayo ya saki ofis. Raliya da yara suka koma Yawuri wurin iyayensa, domin makarantar nan ta fi ƙarfinsa. Wei ya ba shi kujera a shago, yana yi masa tafinta da masu saye. Ba ya iya ɗaure dila, rubutu ma sai a hankali. Idan aka kunna na'urar sanyaya wuri, guntayen yatsun kan yi masa zugi har ya fita waje cikin zafi.

A bara ya je Tianxiu kai wasu takardu. Yana shiga lif sai ga Alhaji Maharazu, ya ƙara ƙiba, yana ƙamshin turare, da sabon tafintansa. Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa. Barmo ne ya fara gaisuwa, don shi ne ƙarami. Alhaji ya amsa yana kallon lambobin da ke haskawa.

"Ya hannun?"

"Da sauƙi, Alhaji."

"To madalla. Allah ya kiyaye gaba. A riƙa kula."

Lif na tsayawa a hawa na shida Alhaji ya fice, tafintan ya bi shi yana tuna masa ai hawa na ashirin za su. Barmo ya wuce sama, ya miƙa takardun, ya sauko ta matakala. Ya koma Canaan ya tarar da wasu 'yan Gana biyu suna jiran a yi musu ciniki, ya ja kujerarsa ya zauna.