Hannun da Ya Ƙi Kaiwa Baki

Ina shekara bakwai na faɗo daga katangar gidanmu a Agege, na dira a kan hannun dama. Kafin a kai ni ɗaki gwiwar hannun ta kumbura suntum. Baba mahauci ne, raba gaɓa da gaɓa aikinsa ne na kullum. Yana taɓawa ya ce wannan karaya a bakin gaɓa take, ta fi ƙarfin ɗorin gida.

Kakata, mahaifiyarsa, ta ce a kira maɗori. Baba ya saɓa ni a kafaɗa ya nufi ƙofa.

"Yanzu 'yar taka za ka kai a feɗe kamar saniya?" in ji Kaka. "In hannun nan ya sandare, kai ka jawo mata."

Muka hau motar haya ta danfo sai asibitin ƙashi. Aka ɗauki hoto, aka sa ni barci, likita ya tsaga ya mayar da guntun ƙashin, ya soke shi da 'yan ƙarafa biyu sirara kamar tsinken tsire. Bayan wata guda aka cire filasta da ƙarafan, amma hannu ya ƙi lanƙwasuwa. Likita ya ja wa Baba kunne: kada a murza, kada a ja, da kansa zai saki.

To, a gidanmu ba a ci da hagu ko da wasa. Saboda haka Inna ke ba ni a baki, ni kaɗai a cinyarta, 'yan'uwana shida na can suna kokawa a kwano guda. Duk tsoka mai kyau tawa ce. Wallahi ban taɓa jin daɗin duniya irin na lokacin ba.

Gaskiyar magana, cikin mako uku hannun ya kai baki. A lungu na gwada, na ja bakina na tsuke. Kullum Baba ya dawo daga mayanka sai ya ce, "Uwata, taɓa hancinki in gani." Ni kuwa in ɗaga rabi in ɓata fuska. Kaka ta yi tsaki ta kau da kai.

Ran nan na leƙa ɗakinsa na tarar da abincinsa a rufe, bai taɓa ba. Yana zaune yana lanƙwasa nasa hannun yana miƙewa, yana kallonsa. Sai a lokacin na lura ya rame. Kunya da tausayi suka rufe ni. Na buɗe kwanon, na gutsuro tuwo da dama, na kai baki.

Ya daɗe yana kallona. "Tun yaushe?"

"Tun waccan Juma'ar."

Na runtse ido ina jiran duka. Sai na ji dariya ta ƙwace masa, har da hawaye. Ya ɗauki kwanon da hannu ɗaya, ya riƙo ni da ɗayan.

"Tashi, ja'ira. Sauran a gaban kakarki za ki cinye shi."