Baturen da Na Ɗinke Cikin Fata

Har in mutu ba ni mantawa da ranar da Baba Gado ya shigo rumfarmu ta dukanci a Tambuwal. Watan Sha'aban ne, shekarata ta biyu da fita daga bauta. Ku masu koyon sana'a ku saurara.

Tsoho ne, Hausarsa duk ta karye. An kama shi yana yaro a Kebbe, aka sayar, aka sake sayarwa, har ƙetaren teku, ƙasar da ya kira Amurka. Da furfura ya biyo ayarin goro daga Ikko yana neman gida.

Ya kwance tsumma. Sai ga Bature yana kallona: dogon wuya, gemu ba gashin baki, idanu kamar bai taɓa barci ya ƙoshi ba. An zana shi a kan ƙyalle mai kauri da launin da aka dama da mai, an kewaye da katako. Fuskar ta tsattsage kamar tsohuwar fata. Na miƙa hannu ga man shanu in shafa mata. Tsohon ya damƙe ni.

"Kul! Ba fata ba ce."

"To, mi na wanga, Baba?"

"Shugabansu ne. An yi yaƙi kan bayi, shi ya ce a sake mu. Suka harbe shi."

Ni ba wanda ya yi yaƙi kaina.

Matsalar ita ce maimasaukinsa ya gani, ya ce gunki ne, sura ba ta zama gidan da ake salla. Kafin Juma'a, ko ya ƙona, ko ya bar gari. Ƙafafunsa kuwa sun kumbura, ko Jabo da ke nan kusa ba ya kaiwa.

Na je wurin Sarkin Dukawa, wanda ba a karɓar baƙon aiki sai da izininsa, na ba shi labari.

"Ranka ya daɗe, in ɗinke shi kamar laya."

"Kai, laya mai girman faifai?"

"Ka taɓa ganin wanda ya farke laya don ya ga cikinta?"

Ya yi dariya. "Tafi ka yi. In malamai sun tambaya, kai ka sani."

Aikin laya haka yake: a naɗe da auduga, a rufe da jar fatar akuya, a ɗinke gefe huɗu, ba a barin baki. Kafin in rufe na ƙarshe na tsaya.

"Baba, in na ja zaren ga, ba ka ƙara ganin shi."

Ya daɗe yana kallo. "Na haddace shi. Ja."

Maimasauki ya juya abin, bai ga ido ba, ya bar shi. Bayan Salla tsohon ya isa Kebbe kan jaki. Bai tarar da wanda ya san sunan uwarsa ba. Can ya rasu da damina, fatar rataye bisa kansa.

Abin da na koya ke nan: rabin aikin baduku rufe wa mutum abin da ba ya iya yarwa, ba ya kuma iya nunawa. Ku ɗinka da kyau, kada ku yi dariya.