Mai Tsani, Wanda Ya Dawo Min da Jikata

Ranar da jikata ta ɓata, ma'aikacin wutar lantarki ne ya dawo da ita. Maƙwabta kuwa sun cika min ƙofar gida suna ba ni labarin yaran da aka sace a wasu wurare, wai don su kwantar min da hankali.

Mai Tsani ake ce masa. A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, kuma na san babu mai kafa masa rumfa. Na ƙarar da idona wajen karanta tarihin manya, yawancinsu ba su taɓa ɗaukar abin da ya fi alƙalami nauyi ba. Shi kuwa da sassafe yake shigowa unguwa, tsani a kafaɗa, filaya a aljihun baya, da hular kwano da rana ta cinye launinta. In wuta ta ɗauke, shi ake zagi. In ta dawo, yara su yi sowa, ba mai tuna shi.

Kafin ya hau turken wuta, sai ya tsaya a gindinsa ya ɗaga murya: "A gafarce mu, za a hau sama!" Ya dakata mata su kimtsa, sannan ya taka. Daga can yana hango tsakar gidan kowa: mai rijiya, mai kaji, wanda bai ɗora tukunya ba ranar. Ba a taɓa jin ya sauko da maganar gidan wani a bakinsa ba.

Telan bakin titi ya shaida min cewa wata damina waya ta tsinke, ta faɗa cikin ruwan da ke kwance a hanyar makaranta. Mai Tsani ya aika a kashe layin, shi kuma ya tsaya cikin ruwan sama, hannuwa a ware, yana karkatar da yara.

"Na ce masa, shigo ka fake mana, kamfanin na ubanka ne?" in ji tela. "Sai ya ce min, kamfanin ba na ubana ba ne, amma yaran nan na uban wani ne."

Tawa jikar a hannun matata ta tashi. Da matata ta rasu, muka ce wa yarinya Kaka ta yi tafiya, irin ƙaryar da manya ke yi su ɗauka tausayi ne. Ita kuwa ta yarda da mu. Wata safiya ta sa takalmanta a juye, ta fita neman Kaka.

A wata unguwa Mai Tsani ya gan ta, zaune a inuwar taransifoma, ta shiga ta inda shingen ya karye, manyan wayoyi dab da kafaɗarta. Wani da tsawa zai fara, yarinya ta zabura, a shiga uku. Shi sai ya ajiye tsani a hankali, ya zauna a ƙasa.

"Hajiya ƙarama, zo ki riƙe min hular nan, kaina ya gaji."

Ta fito ta karɓa.

"Wane ne babanki?"

"Baba."

"To, madalla. Ina ne gidanku?"

"Gidan Kaka."

Bai sake tambayar suna ko layi ba. Ya san ƙaramin yaro daga ciki ya san gidansu, ba daga waje ba. Ya ce, "Me da me ke tsakar gidan?"

Ta lissafa masa: bishiyar lemo, randa mai tsaga, da koren zanin Kaka a kan igiya.

Ya yi dariya. "Na gane gidan. Kakarki ce ba ta son kwashe shanya, ko?"

Zanin nan ita ta shanya shi da hannunta kafin ciwo ya kwantar da ita. Ni ne na kasa cirewa.

Ya iso da yarinya a wuyansa, hular kwano ta rufe mata ido. Ya ce, "Malam, ga amaryarka, yaji ta yi, na yi maka biko. Kakarta take nema. A gaishe min da ita, a ce ta daina nisa."

Na sauke ta daga wuyansa, na rungume ta. Ya koma ɗauko tsaninsa, don a titi ya baro shi.

Mai Tsani, kai ne ka ga cikin gidajenmu ka rufa mana asiri, har ranar da ganin naka ya yi mana rana. Kai ne ka zauna a ƙasa don kada yarinya ta tsorata. Yau tana zuwa makaranta da ƙafarta, tana yi min gyaran karatu. Na gode. Allah ya sa ka huta lafiya, ya raya maka naka.

Ku kuma masu zaga unguwanni saboda aiki, na wuta ne ko na famfo ko na shara, in kun ga yaro shi kaɗai yana waige-waige, ku ajiye kayan aikin. Aikin ba zai gudu ba. Sauranmu kuma mu rage zagin mutum yana saman tsani.

Saura magana ɗaya. Tun daga ranar, duk lokacin da aiki ya kawo ka layinmu, sai ka ɗaga min hannu ka ce, "Malam, a gaida Kaka." Ni kuma in ce za ta ji. Kakar nan ta rasu tun kafin ka tsinci yarinyar. Na yi ta niyyar gaya maka, na fasa, domin kai kaɗai ka rage mai aiko mata da gaisuwa.